Alamomin da ba a kwana da su yayin jinyar cutar daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana karɓar allurar kemo saboda sankarar mama. Kwana tara bayan zagaye na biyu sai ta tashi da zazzaɓi da rawar ɗari. Mun ɗauka maleriya ce, muka ba ta farasitamol, kuma saura kwana 12 ranar komawarta asibiti. Za mu iya jira?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ku jira, ku kai Hajiya asibiti yau, ko da dare ya yi. Maganin kemo yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa a jiki, kuma ba ya bambance na daji da na ɓargo, inda ake samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Adadinsu yakan yi ƙasa matuƙa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allurar, wato daidai lokacin da mahaifiyarki take ciki yanzu, kuma a wannan hali ƙwayar cutar da ba za ta dami mai lafiya ba tana iya shiga jini ta galabaitar da mutum cikin sa'o'i kaɗan.

Ƙa'idar ita ce, idan ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko sama da haka, a nemi likita nan take. Haka ma idan ya sauka ƙasa da 36, ko ana rawar ɗari, ko majinyaci ya rikice yana magana ba kan gado, ko da ma'aunin bai nuna zazzaɓi ba. Dafa goshi da tafin hannu ba ya wadatarwa; duk gidan da ake jinyar mai karɓar kemo ya kamata a ajiye ma'auni kusa da shimfiɗarsa.

Na san a ƙasarmu duk zazzaɓi maleriya ake ce masa, kuma tana iya yiwuwa ita ce ɗin. To amma gwajin jini ne zai tabbatar, kuma ko an same ta, dole a duba adadin fararen ƙwayoyin, domin ana iya samun biyun a tare. Farasitamol yana sauke zafin jiki ne kawai, ya bar cutar tana ci a ɓoye, don haka ku faɗa wa likita ƙarfe nawa kuka ba ta. Da kun isa, tun a bakin ƙofar sashen gaggawa ku ce tana kan kemo, ku nuna katinta da ranar allurar ƙarshe, saboda abin da ake so shi ne a fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda. Idan asibitin da take jinya yana da nisa, ku je babban asibiti mafi kusa, ku kira likitanta daga can.

Tambaya: Likita, ina shan ƙwayar Xeloda a gida saboda dajin hanji. Kwana biyu ke nan ina gudawa, bakina kuma ya yi gyambo. In ci gaba da sha har in kammala kwanakin?

Amsa: Malam, ka dakatar da ita, ka kira likitanka yau, shi zai faɗa maka lokacin komawa kanta da adadin da ya dace. Gudawar da ta ƙaru da sau huɗu ko fiye a rana kan yadda ka saba, ko wadda take tashinka cikin dare, tana cikin alamomin da ake tsayar da wannan magani dominsu, haka ma gyambon bakin da ya hana ci da sha. Kafin ka isa, ka riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibarka in ka miƙe, ko amai ya hana ruwa zama a cikinka tsawon yini, to ƙarin ruwa kake buƙata a asibiti.

Tambaya: Mahaifina yana da dajin mafitsara irin na maza, wato na prostate. Mako guda ke nan yana kukan ciwon baya mai tsananta in ya kwanta, jiya kuma ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi. 'Yan'uwa sun ce sanyi ne, a kira mai tausa.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, amma kada a tausa bayan nan. Wannan daji, kamar na mama da na huhu, yakan bazu zuwa ƙashin baya har ya danne laka, kuma abin da ka bayyana ya yi kama da farkon hakan. Sauran alamomin su ne dindiris a ƙafafu ko tsakanin cinyoyi, da kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi. Ana buƙatar hoton MRI da gaggawa, sannan maganin rage kumburi, da gashin wurin da na'ura ko tiyata. Wanda aka fara yi wa magani yana iya taka ƙafarsa yakan ci gaba da tafiya, wanda kuwa ya riga ya kwanta da wuya ƙafafun su dawo yadda suke, shi ya sa nake so ku tafi da shi a yau, a kwance cikin mota.

Tambaya: Likita, ina jin nauyin yawan kiran ma'aikatan jinya. Me zan iya bari sai ranar ganin likita?

Amsa: Zubewar gashi, canjin ɗanɗanon abinci, duhun farce da gajiyar da hutu ke rage ta duk za su iya jira, ki rubuta su a takarda ki je da ita. Haɓon da ya wuce minti 15 bai tsaya ba, baƙin bayan gida, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi, waɗannan na gaggawa ne. Ki guji asfirin da ibufurofen sai da izinin likita, domin suna ƙara zubar jini, kuma duk wani jiƙo ko tsimi da aka kawo miki, ki sanar da shi kafin ki sha.