An kawo min lodin sinadarai na masana'antar makamai, in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tirela biyu a Gombe, siminti da hatsi nake ɗauka. Wani ɗan kamasho ya kawo min aiki, wai sinadarai za a kai wa masana'antar makamai a Kaduna. Kuɗin ya fi na siminti nesa ba kusa ba, kuma ya ce takardu suna hannunsa. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A bakin ɗan kamasho dai, kada ka karɓa. In DICON yake nufi, wato masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya wadda aka kafa a Kaduna a 1964, irin wannan wuri ba a tasha yake neman mota ba. Kwangila ake bayarwa a rubuce, sai an tantance kamfanin da direbansa.

Ka ce ya nuna maka takardun ka gani da idonka. Nakiya da danginta suna ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964, izininsu kuma daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya yake fitowa. In daga waje aka shigo da kayan, dole akwai takardar shaidar mai amfani da su, wadda ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke bayarwa. Sunan da ke jikinta da nauyin kayan su zo daidai da na takardar lodinka. In sun saɓa, direbanka za a fara saukewa a shingen sojoji, ɗan kamasho kuwa ya kashe waya. Jami'an yankin nan ba su manta da 2014 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga kamfanin siminti na Ashaka a jihar Gombe suka kwashe nakiyar fasa dutse.

Sannan ka duba jikin kayan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari gida 9, kowanne da tambarinsa. Mai ruwan lemo da lamba 1 abin fashewa ne. Rawaya mai 5.1 shi ne mai ƙara wa wuta ƙarfi, kamar amoniyam naitiret. Wannan shi ya fi yaudarar masu mota, don a buhu ba ka raba shi da takin zamani, sai a ja tampol a ce ai taki ne. Shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut a 2020, wajen tan 2,750, mutum sama da 200 suka rasu.

Hanya kuma da nata ka'idojin. Abin fashewa ba ya tafiya sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma ba a haɗa nakiya da abin tayar da ita a mota ɗaya. Ba ɗaukar fasinja, ba sigari, yaron mota ba zai kunna risho a gindin tirela ya dafa shayi ba, ba a kuma yada zango cikin gari irin su Alkaleri ko Toro. Lafiyar motar ma lamari ce babba: a Maris 2020 wata mota ɗauke da nakiya ta samu matsala a hanyar Akure zuwa Owo, ta kama wuta ta fashe, ta tsaga titin, alhali da rakiyar 'yan sanda take tafe. Birki mai ɗaukar zafi a gangaren Jos kaɗai ya isa ya jawo irin wannan haɗari.

Kafin komai ka kira kamfanin inshorarka, don takardar da ta rufe lodin siminti yawanci ba ta rufe irin wannan kaya. In har kana sha'awar harkar, ka rubuta wa masana'antar kai tsaye da sunan kamfaninka, ka nemi sharuɗɗan rajistar masu yi mata jigila.