Jijiya, makarɓa da ɗan gari

Wata ɗalibar aikin jinya daga Tudun Wada, nan Kaduna, ta aiko mini da tambaya. Gwaggonta kan tashi garau da safe, amma kafin la'asar fatar idonta ta sauko, tana gani biyu-biyu, tauna nama ma ya gagara. Likita ya ce mayasteniya ce, wato ciwon raunin tsoka, 'yan gida kuwa suna cewa ciwon jijiya. Ta ce, "Malam, sunan ya yi? Kuma in na ce da ɗan gari akan ci gari, na dace?"

'Yata, Allah ya ba Gwaggo lafiya. Kalmar jijiya an ɗora mata kaya da yawa. Wadda kike hudawa ki ɗebi jini jijiya ce, wadda mahauci ke zarewa daga nama jijiya ce, mai kai saƙon ƙwaƙwalwa ga tsoka ita ma haka. A ciwon Gwaggo kuwa jijiyar lafiyarta lau. Tana isar da saƙo, wato sinadarin asetilkolin, har bakin tsoka. Wurin da zai sauka ne ya samu matsala. Ni makarɓa nake kiransa, bisa tsarin ginin kalmomi irin su makaranta da mahauta, kuma ina so mu riƙe kalmar.

A 1973, masu bincike Patrick da Lindstrom na Cibiyar Salk a Amurka suka tace wannan makarɓa daga wani kifi mai jan lantarki, kamar minjiryarmu, suka yi wa zomaye allurarta. Garkuwar jikin zomayen ta taso mata, ta haɗa da tasu makarɓar, sai ƙarfinsu ya kwanta. Kusan 85 cikin 100 na waɗanda ciwon ya game wa jiki ana samun irin waɗannan mayaƙan garkuwar jiki masu far wa makarɓa a jininsu.

Karin maganarki ta kama rabi. A cikinta akwai maharan waje, ɗan gari ƙofa kawai ya buɗe musu. Nan babu mahari, masu tsaron ganuwa ne suka juya wa gari kwari da baka. Ki faɗa wa Gwaggo haka, ki ƙara mata da cewa akwai maganin da ke sa saƙon ya daɗe a bakin tsoka. Ranar da kika ga numfashinta ko haɗiya ya yi wuya, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti.