Tambaya da Amsa: An Ba Remedies Haƙƙinsu Kuwa?

Tambaya: Malam, ina da shagon cajin waya da tura waƙoƙi a Jekadafari, Gombe. Samari kan cika min shago suna neman sababbin waƙoƙin hip-hop, amma in na ambaci rukunin mawaƙan nan Remedies sai su yi min kallon baƙo. An ba mutanen nan haƙƙinsu kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ba a ba su ba, kuma abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Su uku ne: Eedris Abdulkareem, Tony Tetuila da Eddy. A Legas suka ɓullo a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da samarinmu ba su ɗauki hip-hop ɗin gida a bakin komai ba, sai na Amurka. Su kuwa suka ɗauko kiɗan, suka zuba masa Yarbanci da Turancin buroka, jama'a suka rungume shi. Eedris ma ai a Kano ya tashi, namu ne.

Sai dai ba su daɗe tare ba suka watse, kowa ya kama gabansa. Ga shi zamanin kaset da faifan CD ne, masu satar fasaha suka kwashe romon.

A Amurka, a 2007 aka shigar da Grandmaster Flash and the Furious Five cikin Rock and Roll Hall of Fame, wato zauren karrama fitattun mawaƙa; su ne rukunin hip-hop na farko da ya samu wannan karramawa. Su Eedris sun cancanci irinta a nan gida.

Kai dai riƙa kunna musu a lasifikar shagonka da yamma, in sun tambaya ka faɗa musu sunan kowannensu.