Me Ya Sa Maganin Sankarar Ƙoda Ke Daina Aiki?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifinmu na fama da sankarar ƙoda da ta kai huhu. Wata goma yana shan sunitinib, ƙarin ya motse. Yanzu sabon hoto ya nuna ya sake girma. Maganin ne jabu, ko jikin Baba ne ya saba da shi? Daga wata 'yar'uwa a Gangare, Jos.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ki duba lambar NAFDAC a kwalin, amma ko magani na gaske ne, hakan na faruwa. A babban gwajin da aka wallafa a 2007, rabin masu shan sunitinib ciwonsu ya sake girma cikin kusan wata 11.

Yawancin sankarar ƙoda na tasowa ne idan ƙwayar gado mai suna VHL ta lalace. Sai ƙarin ya riƙa fitar da sinadarin VEGF, wanda ke janyo masa sababbin jijiyoyin jini. Sunitinib wannan hanyar yake toshewa. Yunwa yake sa wa ƙarin. To, kin ga mai lambu a bakin kududdufin kuza: a toshe masa kwalbati ɗaya, ya haƙa wata. Ƙarin ma haka yake yi, ya koma kan wasu hanyoyin girma da ake kira FGF da MET da AXL. Wasu ƙwayoyin halittar ƙarin kuma haɗiye maganin suke yi, su kulle shi cikin 'yan jakunkuna masu tsami a cikinsu, ya kasa isa inda zai yi aiki. Ga shi ƙari ɗaya ba iri ɗaya ba ne ciki da bai. Masu taurin kai su ke tsira su hayayyafa.

Amma kafin a ce ciwon ya bijire, abin da muka fi damuwa da shi: maganin yana isa jini yadda ya kamata? Ƙa'idar da aka saba ita ce miligiram 50 kullum, mako huɗu ana sha, mako biyu hutu. Tsallake kwanaki saboda tsada, ko rage shi a ɓoye saboda gudawa da ciwon tafin ƙafa, na raunana shi. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna sa hanta ta narkar da shi da wuri. Ki kai wa likitansa duk abin da yake sha, har jiƙe-jiƙen gargajiya.

Idan bijirewar ta tabbata, ana sauya magani. Cabozantinib na toshe MET da AXL tare da hanyar VEGF. Akwai axitinib, da lenvatinib haɗe da everolimus, da allurar nivolumab mai zaburar da garkuwar jiki. Idan wuri ɗaya ne kawai ya girma, wani lokaci a ƙona shi da haske ko a cire, a ci gaba da maganin. Ku tafi da tsohon hoto da sabo gaba ɗaya, don da gwada su ake yanke shawara. Kada Baba ya ajiye maganin kafin ya ga likitansa.