Zinariyar gaske ce a jikin tsofaffin littattafan Turai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙyallin da ka gani a hotunan littattafan Turai na da, waɗanda aka rubuta da hannu, zinariya ce ko fenti kawai. Wallahi a da yawansu zinariya ce ta gaske. Bugunta ake yi har ta fi fatar albasa sirantaka, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ta tashi. Mai zayyanar zai fara shafa wani farin kwaɓi mai danƙo a kan fatar, don ba takarda ba ce, fatar ɗan maraƙi ko tunkiya ce aka cire wa gashi aka kankare, in ya bushe sai ya huro masa iskar baki ya ɗan jiƙa, ya ɗora zinariyar, sannan ya bi da haƙorin kare ko dutse mai santsi yana gogawa har ta yi sheƙi. Kuma sai an gama wannan ake sa sauran kaloli.

Ni kam shuɗin ma ya fi burge ni, don mafi tsadarsa daga dutsen lazurdi ake niƙo shi, tun daga tsaunukan Badakshan a Afganistan.

Amma fa ba duka littattafan ne ke da zinariya ba. Littafin Kells, wani littafin Linjila da ke Dublin a ƙasar Ireland, na wajen shekara ta 800, babu zinariya a ciki ko kaɗan, rawayan nan wani ma'adini ne mai guba. Kamar dai zayyanar Alƙur'anan Barno ce, ja da rawaya da baƙi, amma kyau kamar me.