Kalar da ta bazu a gyalen siliki

Yarona, ka ce kalar da ka zana a gyalen nan ta tsallake layi ta bazu, da aka wanke kuma ta zuba. Toh kafin mu ɗora wa kala laifi, yadin ma silikin gaske ne? Da yawa abin da ake ce wa siliki a kasuwa polista ne. Zaro zare ɗaya a gefe ka ƙyasta masa ashana, na gaske ƙaurin gashi yake yi kuma tokarsa murmushewa take a yatsa, polista kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, in shi ne ka saya to wannan kalar ba za ta taɓa zama ba.

Siliki tsutsa ce ke saƙa shi, danginsu ɗaya da gashi ba da auduga ba, shi ya sa kostik ɗin da muke zubawa a rinin shadda kar ka bari ya kusance shi, cinye yadin zai yi, haka ma bilic. Kalar asid yake so.

Ka fara koyo da habotai, wani irin yadin siliki, mai momme 8 (momme ma'aunin nauyin siliki ne), wato mara kauri, ka wanke shi da ruwan ɗumi, ya bushe, ka ɗame shi a firem kamar fatar kalangu, kar ya taɓa tebur. Sai gutta, wannan ƙaron da ke tare kala, kuma ina jin nan matsalarka take. Dole layin ya ratsa har bayan yadin kuma ya haɗe baki da baki, ka ɗaga wa haske ka bi shi da ido a hankali, ko ƙofa kamar kan allura ka bari ta nan kalar za ta sulale. Ka bari ya bushe sosai tukuna. Buroshi kuma a tsakiya za ka ɗora shi, kalar da kanta za ta taka zuwa bakin layi, kar ka cika ta.

Zubar kala kuwa rashin turarawa ne, guga kaɗai ba ya kama wannan irin. Bayan ya kwana ya bushe ka naɗe shi cikin takarda mara rubutu yadda yadi ba zai taɓa yadi ba, ka turara shi, madambaci ma ya isa, ka sa tsumma ƙarƙashin murfi don ko ɗigo ɗaya ya faɗa masa tabo ne na har abada. Ka ba shi awa 2 zuwa 3, sannan ka ɗauraye da ruwan sanyi har ruwan ya fito fes. Gobe ka zo min da ƙyallen gwaji kafin ka sake taɓa gyalen mutane.