Amsa ga mai sana'ar yogot a Tudun Wada: rukunin da kike da takardun da za ki fara da su

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kina yin yogot da kunun aya a Tudun Wada, kina da yara shida masu aiki, shaguna sun fara tambayar takardu kafin su karɓi kayanki, kuma kina so ki san rukunin da sana'arki take da irin rajistar da ta dace da ke. Ni gidan burodi nake da shi a Sabon Gari, na kuma sha zirga-zirgar nan, don haka ga abin da na sani.

Kowace hukuma da nata ma'aunin, nan ne mutane ke rikicewa. SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003 don kula da ƙananan sana'o'i, yawan ma'aikata take fara dubawa. Ƙasa da mutum 10, sana'a ce 'yar mitsitsiya. Daga 10 zuwa 49, ƙarama. Daga 50 zuwa 199, matsakaiciya. Suna duba kuɗi ma, amma idan lissafin kuɗi da na ma'aikata suka saɓa, na ma'aikata ake bi. To ke da yaranki shida kina rukunin farko. Amfanin sanin haka bai wuce lokacin cike fom na rance ko tallafi ko horo ba. Satifiket ɗin SMEDAN ba lasisi ba ne, kada wani ya ce miki da shi kaɗai kin gama.

CAC kuwa, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, tana aiki da dokar kamfanoni ta 2020, kuma a wurinta tambayar ita ce: sunan kasuwanci za ki yi wa rajista ko kamfani za ki kafa? Idan sunan kasuwanci ne, ke da sana'ar abu ɗaya ne a idon doka, bashin sana'a bashinki ne, ana iya binki har gida. Idan kamfani ne, shi ke ɗaukar bashinsa, kuma tun 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafawa, da hannun jari mafi ƙaranci na naira 100,000 a rubuce. Dokar tana kiran kamfani ƙarami idan cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, sai ta ɗauke masa dole na naɗa sakatare da mai binciken asusu. Kin ga wannan "ƙarami" daban yake da na SMEDAN.

A ganina ki fara da sunan kasuwanci. Ya fi araha, ɗawainiyarsa kaɗan ce, kuma ya isa ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Na ga mutane da yawa a kasuwar nan sun yi gaggawar kafa kamfani don dai a ga "Limited" a allon shago, shekara ta zagayo ba su miƙa rahoton shekara ba, tara ta yi ta taruwa, sai ranar da suke neman kwangila aka duba aka ce kamfanin ba ya aiki. Mai sunan kasuwanci ma yana miƙa wannan rahoto, ki sa a ranki.

Haraji shi ma ya danganta da wanda kika zaɓa. Mai sunan kasuwanci harajin kuɗin shigarsa na jiha yake biya, wato ga KADIRS, hukumar tara haraji ta jiha, a nan Kaduna. Harajin kamfani kuwa na tarayya ne. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba, sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 kuma ta ɗaga wannan iyaka. Sai dai yafewar ba ta hana miƙa lissafi ba. Duk wanda ya zo shago da sunan haraji ko kuɗin ƙaramar hukuma, ki nemi takardar biya ta banki, kada ki damƙa masa kuɗi a hannu.

Amma Hajiya, takardar da masu shagunan nan suke nufi lambar NAFDAC ce, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Abin sha da aka ɗura a roba aka liƙa masa suna, ko ma'aikatanki biyu ne ko ɗari biyu, sai da ita. Za su nemi takardar CAC tukuna, shi ya sa na ce ki fara da can. Sannan su zo su ga wurin: ɗakin aiki daban da kicin ɗin gida, ruwa mai tsabta, shaidar gwajin lafiyar ma'aikata, su kuma ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji. Kowane kaya da lambarsa, ta yogot ba ta rufe kunun aya ba. Idan kuɗi bai kai ba, ki fara da wanda ya fi tafiya a kasuwa. Kuma ki gyara ɗakin kafin ki nema, don a wurin duba wuri ne aka fi dawo da mutane baya.

Tun yau ki sayi littafi ki riƙa rubuta ciniki da kashewa kullum, kuɗin sana'a kuma su daina shiga asusun cefane. Banki ba ya tambayar rukuninki kafin ya ga shige da ficen asusunki na watanni. Allah ya sa albarka a nema.